Yaƙin Da Ka Bari A Kan Tebur

Zuwa ga yayana, Hamma Jibrin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa take yi wa wanta tana durƙushe a bakin ƙofa, ina roƙon Allah Ya sa wannan sallama ta same ka cikin rahama da yalwar makwanci. Mu nan Yalwawa lafiya muke. Matarka Adda Rakiya tana nan ƙalau, yara suna ta karatu, Inna kuma ƙafar ce dai kamar yadda ka sani. Damina ta yi kyau, shanun gida da ke Garki sun murmure.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa yaƙin nan da ka bari a kan tebur, na ƙarasa shi.

Na san masu bibiyar shafin nan zanen lalle suka saba gani, na amare da na masu jego. Yau su yi haƙuri, da yayana nake magana. Amma tunda suna tsaye a bayana suna leƙe, zan riƙa maimaita abin da kai ka riga ka sani, don kada su ce Ma'u ta zautu.

Ka tuna ranar da ka dawo daga kwas ɗin nan na likitocin dabbobi da aka tura ku ƙasar waje. Mun cika falo muna jiran tsaraba. Kowa ya samu tasa, mai turare da mai agogo da mai mayafi, sai wani kwali ya rage wanda ka hana a taɓa. Da ka buɗe shi, sojoji ne na roba, ƙanana, tsawonsu bai kai ɗan yatsana ba, duk launin toka, wasu da mashi, wasu da baka, wasu a kan doki. Ka ce a can ka ga dattawa masu furfura sun kewaye tebur suna jera irinsu, suna gwabza yaƙi da dabara, ka tsaya kallo har motarku ta kusa barin ka. Inna ta dube ka, ta dubi kwalin, ta ce, "Mutum da gemunsa ya tsallaka teku ya dawo mana da 'yartsana." Kai kuwa ko a jikinka. Cewa ka yi, "Inna, garke na ƙara, sai dai wannan ba ya cin dusa."

Wanda ka fi shakka shi ne Kawu Malam, wan Inna, mai makaranta. Ba ka jira tsegumi ya kai masa labari ba, kai ka ɗauki kwalin ka kai masa har zaure. Ya daɗe yana jujjuya ɗaya a tafin hannunsa. Ya ce malamai sun yi dogon bayani a kan siffofi, shi dai ga abin da ransa zai natsu da shi: kada a yi musu ido ko baki, kada a jera su ado, kada su kwana inda ake salla, kada ɗan ludo ya hau teburin, kada ko sisi ya shiga tsakani. Ya rufe da cewa kiran salla ya fi ƙarfin kowane sarkin yaƙi. Ka amsa duka, kuma ka riƙe duka har ka koma ga Allah. A madadin ɗan ludo ka tara ƙwallayen dabino, ka rubuta musu lamba, ka zuba a ƙoƙo ana zarowa kamar ƙuri'a. Da Kawu ya ji, dariya ya yi, ya ce wayon Fulani ya fi ƙarfinsa.

Ɗakin da ke kusa da ƙofar gida ka share. Tsohon ƙyaure ka kwantar a kan bencina, ka shimfiɗa masa yashi. Duwatsun ba ka je nesa ba, ai Dutse muke, a gindin pa ka tsinto su. Kogin da shuɗin ƙyalle ka yi shi, bishiyoyin dabino da silin tsintsiya da koren soso, sai wata 'yar rijiya a tsakiyar fili da ka yi da murfin kwalba. Dokar wasan ba ta da wuya ga mai haƙuri. Kowa da rundunarsa, kowa da lokacinsa na motsi. Ana auna tafiya da tef ɗin tela, dakaru taƙi ɗaya, dawakai taƙi biyu. Idan aka yi arangama sai a zari ƙwallo, mai lamba babba ya yi rinjaye, amma wanda ke kan dutse ko bayan kogi ana ƙara masa. Sojan da ya faɗi a mayar da shi kwali. Wanda rijiya take hannunsa a zagayen ƙarshe shi ya ci. Idan Magariba ta yi ba a gama ba, a rufe teburin da zane sai wata Asabar.

Abokan da ka jawo da farko duk sun gudu. Wani ya ce kansa na ciwo, wani ya ce gara dara. Mutum ɗaya ne ya zauna, Malam Sanusi na Jahun, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda kuka saba tun kana duba masa tumaki. Ya girme ka nesa ba kusa ba, Baba nake ce masa. Duk Asabar sai ya shigo motar haya daga Jahun, ya sauka tasha, ya hau adaidaita sahu har ƙofar gida, da hularsa a karkace da ledar goro. Sojojin da ka yi wa jan fenti nasa, shuɗaye naka. Shi mutum ne mai nawa, sai ya auna wuri sau nawa kafin ya motsa soja guda. Kai kuwa, Allah Ya jiƙan ka, ba ka san ja da baya ba. Kullum dawakanka ne a gaba, kullum kana cewa, "Saniyar da ta tsaya duba ruwa ita take shan laka." Rabin wasanninku a kan wannan maganar ka sha kashi, kuma ba ka taɓa janye ta ba.

Ni a lokacin abin da ya haɗa ni da ɗakin nan kai shayi ne kawai.

Sai ciwon ya zo. Hawan jinin da ka daɗe kana raina wa ya kayar da kai a wurin aiki, aka dawo mana da kai ɓarin dama a shanye. Maganarka ta dawo a hankali, ƙafar ma ta ɗan saki bayan gashi, amma hannun ya ƙi. Mutumin da yake kama bijimi ya yi masa allura, ga shi cokali yana gagarar sa. Na ga yadda ka riƙa juya fuska bango idan 'yan dubiya sun shigo. Ba ka son tausayi, duk danginmu haka muke.

Wata rana na shigo na same ka ka riƙe burushi da hagu, kana ƙoƙarin shafa wa wani soja fenti, shuɗin ya zubo har kan wandonka. Ba ka ɗago ba. Ka ce, "Ma'u, hannun da yake zana fure a farcen amarya ba zai kasa rawanin wannan ba." Na ajiye farantin na karɓa. Daga ranar na zama mai fentinka. Kai kana faɗa, ni ina shafawa, rawani fari, riga shuɗiya, ɗamara baƙa, linzami ruwan ƙasa. Kana yi mini faɗa idan na cika ado, ka ce yaƙi za su ba biki ba. Ni kuma ina saƙa musu 'yan zane a gefen garkuwa inda ba za ka lura ba. Ka lura, na sani, ƙyale ni kawai ka yi.

A wajen fentin nan na koyi wasan ba tare da ka zaunar da ni ba. Da yake hannunka ba ya miƙa, ni nake motsa maka sojoji ranar Asabar, ni nake ja maka tef. Baba Sanusi bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Bai kuma taɓa sassauta maka ba don kana jinya, abin da ya sa ka ƙara ƙaunar sa ke nan. Duk mako ranar ce kake neman a goge maka babbar riga, ranar ce muke jin muryarka har tsakar gida. Likitan da ke duba ka ma ya ce a bar ka ka yi, yana motsa maka ƙwaƙwalwa da harshe.

Asabar ɗinku ta ƙarshe an yi ruwa, Baba ya makara a hanya, ba ku fara da wuri ba. Kamar kullum ka tura dawakanka suka tsallaka kogi, suka faɗa gaban 'yan bakansa, dakarunka kuwa ka baro su can baya a gindin duwatsu. Baba ya kammala motsinsa ya kewaye ka ta ɓangare biyu. Saura kai. Sai aka kira Magariba. Ka dubi filin, ka dube shi, ka yi murmushin nan naka na gefen baki guda, ka ce, "A rufe haka, Malam. Asabar mai zuwa zan nuna maka abin mamaki." Ni na rufe zanen da hannuna.

Ranar Laraba da hantsi ciwon ya dawo, kafin La'asar an yi maka sutura.

Ba zan tsaya a kan wannan ba, Hamma. Allah Ya karɓi abinSa, mun yi haƙuri. Abin da nake so ka sani shi ne abin da ya biyo baya. A zaman makoki wata daga cikin dangi, ba sai na kama suna ba, ta ce ai wasan nan ne ya ƙarasa ka, mai hawan jini a zaunar da shi ana tayar masa da hankali a kan 'yartsana. Ta faɗa da ƙarfi, tabarmar maza kuwa tana bayan katanga. Baba Sanusi yana wurin. An ce mini ya tashi ya nemi takalmansa bai yi wa kowa sallama ba. Daga ranar bai sake taka Dutse ba. Idan na kira ba ya ɗauka. Daga baya 'yarsa ta gaya mini ya daina zama majalisa, daga masallaci sai ɗaki, abinci sai an yi da gaske. Ya gaya mata shi ya kashe abokinsa.

Ɗakin kuma aka kulle. Wasu suka ce a kwashe tarkacen a zubar, wasu suka ce a ƙona, a gyara wurin a yi shago. Ban yi gardama da kowa ba, don gidan ba nawa ba ne. Adda Rakiya ce ta yanke magana bayan ta fita takaba. Ta kira ni ta danƙa mini mukulli, ta ce a shekarun jinyarka babu maganin da ya yi maka abin da teburin nan ya yi, kuma ita ba za ta zauna a bar tsoho yana ɗauke da gawar da ba shi ya kashe ba. Matar nan taka, Hamma, ka yi dace.

Na buɗe ɗakin, na ɗaga zanen. Komai yana nan yadda ka bari, sai gizo-gizo da ya yi saƙa tsakanin dabinai. Na ja kujerarka na zauna, na ce bari in nemo abin mamakin da ka yi alkawari. Duk ranar da ba ni da masu lalle sai in zo bayan Azahar in zauna. Na auna ta dama, na auna ta hagu. Na zauna a kujerar Baba na duba filin da idonsa. Na gwada tura dawakan gaba, suka ƙare. Na gwada kawo musu ɗauki, tef ya ce dakarun ba za su iso ba. Na yi makonni a haka, mijina har ya fara kira na Sarkin Yaƙi.

Ran nan ina zaune sai dariya ta kama ni, ni kaɗai, har da hawaye. Hamma, ba ka da wani shiri! Burga ce. Ka ga an ci ka, ladan ya cece ka, ka samu mako guda na sa tsoho ya kasa barci. Na san ka. Haka ka yi wa Baffanmu muna yara ranar da maraƙi ya ɓace a hannunka, ka ce ka san inda yake, alhali addu'a kawai kake yi.

Da na gane haka sai kaina ya buɗe. Na daina neman dabararka, na fara neman tawa.

Jahun da ƙafata na je, ni da mijina. Ranar kasuwa ce, da ƙyar adaidaita ya ratsa da mu. Baba ya fito zaure, wallahi da a hanya na gan shi ba zan gane shi ba, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Na gaya masa abin da likitanka ya faɗa, cewa ciwon irin mai dawowa ne ko mutum yana kwance a gado, kuma wasan ƙarin kwana ya yi maka ba ragi ba. Na isar masa da saƙon Adda. Idonsa na kan tabarma. Da na ga nasiha ba ta shiga ba sai na canza hanya, na ce, "Baba, shuɗaye ne da motsi, kuma suna jiran ka. In kuma tsoro kake ji, ka faɗa a rubuta Hamma ya ci." Mijina ya zungure ni. Baba ya ɗago kai karo na farko, ya ce, "Ke, 'yar nan, na kewaye shi ta ɓangare biyu fa."

Asabar ya zo.

Adda ta sa aka share ɗakin, ta dafa shayi da kanta, ta zauna daga bakin ƙofa. Mijina ya riƙe ƙoƙon ƙwallaye. Baba ya daɗe a tsaye yana kallon kujerarka kafin ya zauna a tasa. Na ce bismillah, na miƙa hannu, na yi abin da ba ka taɓa yi ba a rayuwarka. Na juya dawakanka suka gudu.

Kada ka ɓata rai, saurara. Sun tsallako kogi da baya, kibiyoyinsa suka kayar da kusan rabi, na kwashe su na mayar kwali ban ko ƙifta ba. Baba ya saba da kai, bai taɓa ganin bayan shuɗaye ba. Mutumin da yake auna wuri sau nawa, ran nan bai auna ba, ya biyo ni da duk abin da yake da shi. Jajaye suka shiga ruwa. Ni kuma dakarun nan da ka manta da su a gindin duwatsu na hau da su sama, inda ake ƙara wa mutum lamba. Ya zo ya same ni a kan dutse shi yana cikin kogi. Ƙwallo ya ba shi sau biyu, ya hana ni, amma ban sauko ba. A karo na gaba ya faɗo mini. Kafin ya farga ya bar rijiya ba mai gadi, ragowar dawakan da ya zaci sun gama yawo suka zagaya ta bayan dabinai suka tsaya a kanta. Zagayen ƙarshe ya cika rana tana kan katanga.

Na ci, Hamma. Da rundunarka, da fentina, da dabarata.

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya tambaye ni ko wannan ne abin mamakin da ka ce za ka nuna masa. Na ga Adda ta kafe ni da ido. Da na ce e, da ya tafi gida yana girmama ka, kuma babu mai ƙaryata ni. Amma mutumin nan ƙarya ce ta kwantar da shi wata da watanni, ban ga dalilin yi masa magani da wata ƙaryar ba. Na ce, "A'a Baba, wannan nawa ne. Hamma ba shi da komai, burga ya yi maka."

Ya dubi kujerarka. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce. Ya yi ta har hularsa ta faɗo kan kogin, yana buga cinya yana cewa, "Ja'irin Bafillace! Na sani! Wallahi na sani!" Adda ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka. Daga baya shi ma hawayen suka zo, muka bar shi ya yi abinsa. Ya sha shayi kofi biyu, ya cinye ƙosan da aka kawo, ya ce a jera fili sabo, don bai yarda mace ta kore shi daga Dutse ba.

Yanzu duk Asabar yana zuwa. Ya ci ni, na ci shi, kuma in gaya maka gaskiya na fi ka cin sa. Wani ma'aikacin jinya da matarsa sun fara zuwa kallo, matar ta fi mijin kai. Maganar shago ta mutu. Wadda ta yi maganar nan a zaman makoki ta zo gidan kwanaki, ta leƙa ɗakin, ta ga Baba yana auna fili, ta gaishe shi da ladabi ta wuce. Abin da ta gani ya ishe ta.

Ran da muka ƙarasa yaƙin, kafin ya tafi tasha, Baba ya roƙi mijina ya raka shi maƙabarta. Tun ranar jana'iza bai je ba. Mijina ya ce ya daɗe a tsugune a kanka yana addu'a, da zai tashi kuma ya ɗan daki ƙasar da tafin hannu kamar mai dafa kafaɗar aboki. Ni ka san ba a zuwa da mu can. Ban san inda kake kwance ba sai da kwatance, an ce kusa da wata bishiyar darbejiya ta gabas. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ita ce tawa ziyarar.

Ya Allah Ka jiƙan Hamma Jibrin, Ka gafarta masa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da hannunsa na dama lafiyayye, Ka ba shi littafinsa a cikinsa. Ka raya abin da ya bari, Ka saka wa Adda Rakiya da alheri, Ka ƙara wa Inna haƙuri, Ka ba Baba Sanusi tsawon rai mai amfani. Mu kuma idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani, Ka haɗa fuskokinmu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ka huta, Hamma. Gida yana nan a tsaye, ba mu sunkuya ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Asma'u,
Yalwawa, Dutse.